Ɗana ta bututun wuya yake numfashi, surukata kuma sana'arta turaren wuta

Maman Abba, Makka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan, ban taɓa sa baki ba. Yanzu ƙarfe uku na dare a Makka, yaro ya samu barci, ni kuwa ba halin in runtsa, shi ya sa na ce bari in rubuta ko Allah zai haɗa ni da wanda ya taɓa shiga irin halin da nake ciki.

A nan aka haife ni, wajen Shari'ul Mansur. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Sudan kafin ya tsallako ta Sawakin. Maigidana direba ne, yana jigilar masu Umra tsakanin Makka da Madina. Gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, muna ce mata Inna. Gidan a kan dutse yake, mota ba ta kaiwa ƙofa, sai an taka matakala 64. Na san adadinsu don na sha ƙirga su da yaro a kafaɗa.

Ɗan namu sunan kakansa ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. Watansa 16. Bakwaini ne, a mako na 29 na haife shi, nauyinsa kilo 1 da giram 200. Ya yi mako 6 a kwalba, da tiyo ta baki, inji na hura masa iska. Da huhunsa ya yi ƙwari aka zo cire tiyon, sai ya kasa. In ya ja numfashi sai ka ji wata ƙara siririya kamar usur, ƙirji ya lotsa har kana ƙirga haƙarƙari, leɓe ya yi duhu. Sau uku ana cirewa ana mayarwa. A ƙarshe suka sa shi barci suka zura 'yar kyamara ta maƙogwaro.

Likitan ya zana mini a bayan takarda. Ya ce ƙasa kaɗan da inda murya ke fita akwai wani zobe na guringuntsi, nan ne wuri mafi ƙunci a hanyar numfashin jariri, kuma ba ya buɗewa kamar sauran. Ko a jaririn da ya cika wata tara faɗinsa milimita 4 zuwa 5 ne kawai. Tiyon da ya riƙe ran Abba ya goge wurin, ya warke da tabo, tabon ya tsuke hanyar. Da Larabci ya kira ciwon tadayyuƙ tahtal mizmar. Ya ce mataki huɗu ne, na Abba na uku, wato sama da kashi 70 cikin 100 na hanyar ya toshe. Ba yawa gare shi ba, mafi yawan bakwainin da aka sa wa tiyo lafiya lau suke fita. Namu rabon ke nan, alhamdu lillahi. Aka huda masa wuya ta gaba, ƙasa da inda ya tsuke, aka sa ɗan lanƙwasasshen bututun roba da igiya ta zagaye wuya. Aikin da suke kira tirakiyostomi. Ta nan yake shan iska har yau.

Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne shirun. Iskar ba ta bi ta wurin murya, don haka ba sauti. Abba yana kuka, baki a wangame, hawaye na zuba, fuska ta yi ja, amma ko ƙis ba ki ji. Yana dariya ma haka. In ina kicin na juya baya, ba ni da hanyar sanin lafiya yake ko yana neman taimako. Ko banɗaki da ƙofa a buɗe nake shiga.

Sai majina. Ba ya iya kakaro ta ya fitar yadda ya kamata, sai na zuƙe da inji. Ranar da yake lafiya kamar sau 15, ranar mura kuwa ba na ƙirgawa. Kullum in wanke bakin ramin da ruwan gishirin asibiti, in canza auduga, in canza igiya. Wanka a ɗan ruwa iya cinya, don ko cokali ɗaya ya shiga bututun huhu ya nufa. Duk wannan ni kaɗai aka koya wa. Lokacin da ake koyarwa maigidan yana kan hanya, ya ce zai koya daga baya, har yau bai koya ba. In na ɗauko kayan canji sai ya fita tsakar gida, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Inna turaren wuta da humra take haɗawa, sana'arta ce fiye da shekara 30, da ita ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar Malam. Alhazan Najeriya da Nijar har gida suke biyo ta. Kuma ba a sayen turare sai an ɗora a garwashi an ji. A watan azumin nan da ya wuce, baƙi suka cika falo kwana uku a jere, kasko bai huce ba. Na rufe ɗakinmu na toshe ƙasan ƙofa da tawul, na kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, duk da haka ƙamshin ya shigo. Majinar Abba ta yi kauri kamar ƙaro. Rana ta uku bayan asuba na ga yana wutsil-wutsil, idanu a waje. Na zura tiyon zuƙa ya ƙi wucewa. Maigidan yana Madina, fiye da kilomita 400. Na yanke igiya, na zare bututun, na sa sabo, ni kaɗai, gwiwata a kan hannunsa don kar ya fizge. Wanda na cire a toshe yake tam da busasshiyar majina. Inna na bakin ƙofa tana ta Hasbunallahu, jikinta na ɓari ya fi nawa.

Ba na zargin Inna, Allah ya gani. Tana son yaron nan kamar ranta, “maigidana” take ce masa, ita ta sayar da awarwaronta lokacin da muka sayi injin. Amma a ganinta turare magani ne, yana korar iska da baki, kuma duk 'ya'yanta a cikinsa suka tashi. Na fara yi mata zancen sau ɗaya, ta ce, “Yanzu ni ce zan cuci jikana?” Na yi shiru. Ni suruka ce a gidanta, da wane baki zan ce ta kashe kaskon da take ci da shi?

Tun ranar ban yi barcin da ya wuce awa biyu a jere ba. Shekaranjiya na tsinci kaina na zuba sukari a miya. Masu irin wannan yaro, yaya kuke yi da dare? Yaya zan yi da Inna ba tare da na ɓata tsakaninta da ɗanta ba? Kuma maigidan yana so mu kai Abba Harami a yi ɗawafi da shi a roƙa masa lafiya, ni ma raina yana so, amma cunkoson yana ba ni tsoro. Abu na ƙarshe, wanda nake jin nauyin tambayar likita don kar ya faɗi abin da ba na so in ji: akwai wanda ɗansa ya yi irin wannan, daga baya ya ji muryarsa?

Ummu Hanan, Jidda

Wa alaikumus salam. Allah sarki 'yar uwa, na karanta da hawaye. Allah ya ba Abba lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ni dai ba likita ba ce, amma kin tabbata ba hakin wuya ba ne? Ɗan yayata a Zinder haka ya yi ta ƙara in yana numfashi, aka kai shi wa wanzami aka cire beli, daga baya ya daina. Akwai masu yi a nan ma in an bincika. Kuma ki yawaita masa Zamzam, tunda kina kusa, ko ɗiga masa kaɗan ne a wurin. Sirace da ganyen na'ana'a ma yana sassauta majina. Ki yi haƙuri da Inna, tsofaffi sai da lallashi.

Anti Nas, Jidda

Maman Abba, sannu da ƙoƙari. Shekarata 19 ina aikin jinya, 11 a ɗakin yara. Kafin komai: abin da kika yi ranar nan daidai ne, ba kuskure ko ɗaya. Tiyon zuƙa ya ƙi wucewa, sai a canza bututu nan take, ba a jiran kowa. Da hannunki Allah ya cece shi.

Ummu Hanan, na san da kyakkyawar niyya kika faɗa, amma don Allah kar a kai yaron nan wurin wanzami. Beli a can saman maƙogwaro yake, ana hango shi in an buɗe baki. Ciwon Abba yana ƙasa da wurin murya, inda ba aska da ke kaiwa. Yanka ba zai buɗe komai ba, sai dai jini da kumburi da ƙwayar cuta. Ɗan yayarki mai yiwuwa irin laushin maƙogwaro ne da jarirai da yawa ke yi, wanda kan tafi da kansa kafin shekara biyu, ko an yanka ko ba a yanka ba. Zamzam kuma a ba shi ya sha, a shafa masa a kai, a yi addu'a. Amma cikin bututu ba a ɗiga komai sai ruwan gishirin asibiti, shi ma yadda aka koya mata. Ba Zamzam, ba man habbatus sauda, ba zaitun. Sirace a bar shi, tururi mai zafi kai tsaye huhu zai shiga.

Bari in faɗi dalilin da hayaƙi ya fi cutar da shi fiye da 'ya'yan Inna, wataƙila ya taimaka wajen yi mata bayani. Hanci aiki uku yake yi: yana tace ƙura, yana ɗumama iska, yana jiƙa ta. 'Ya'yan Inna sun shaƙi turare ta hanci. Abba ba ya bi ta hanci sam. Abin da ke cikin ɗaki, shi ke cikin huhunsa, ba mai gadi a ƙofa. Kuma hanyar ƙarama ce. Hanya mai faɗin milimita 4, in ta kumbura ko majina ta kwanta da kaurin milimita 1 kacal a kewaye, kashi uku cikin huɗu na sararin ya tafi. Ba turare kaɗai ba: maganin sauro na fesawa, hoda, turaren fesawa, sigari, hayaƙin suya, bargo mai gashi, ƙurar gine-ginen nan da ba ta ƙarewa a Makka.

Ina zargin ma ba hayaƙin kaɗai ya toshe shi ba. Kin rufe ɗaki kin kunna mukayyif kwana uku. Mukayyif busar da iska yake yi, busasshiyar iska kuma daskarar da majina take yi. A zafin Makka ba mai cewa ki kashe shi, amma ɗan murfin nan mai takarda a ciki da ake maƙalawa a bakin bututu, wanda muke ce wa hancin roba, kar ya rabu da shi, kuma ki canza da zarar ya jiƙe da majina. Ki tambayi likitansa injin danshi na dare da yawan nebulaiza, wato shaƙar feshin ruwan gishiri ta inji, da ya dace da shi. Ki kuma tabbata yana shan ruwa sosai. Wajen zuƙa kar ki wuce tsawon da aka auna miki, kar ki wuce daƙiƙa 5 zuwa 10 a ciki.

Yanzu maganar da ta fi damuna. A ƙa'ida ba a so a sallami irin wannan yaro sai mutum biyu a gida sun iya komai, har da canjin gaggawa da hura numfashi ta bututu. Ke kaɗai ce, kuma ba kya barci. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke fa? Ki koma asibitinsa ki ce kina so a koya wa babansa, da wani na uku in akwai. A kan 'yar tsana ake farawa. Na ga maza da yawa da suka ce ba za su iya ba. Tsoro ne, kuma yana raguwa da yi. Ki kuma roƙi na'urar da ake maƙalawa a yatsan ƙafa, mai yin ƙara in iskar jini ta sauka. Ba ta maye gurbin ido, amma tana taimako.

Jaka ɗaya ta zama tasa, ko maƙwabta za ki leƙa tana kafaɗa: bututu daidai da nasa, wani mai ƙaramar lamba ɗaya ko da nasa ya ƙi shiga, igiya, almakashi, man santsi na asibiti, tiyon zuƙa, ruwan gishiri, da inji mai caji. Lambar Hilal Ahmar, masu motar asibiti ta gaggawa, 997, da adireshin gidanku ki rubuta da manyan baƙaƙe ki manna a bango. Tunda mota ba ta hawowa, ki shirya da wani yaron maƙwabta wanda zai sauka ya tare su a titi. Tambayar da ba ta gaggawa ba kuwa akwai 937, layin Ma'aikatar Lafiya.

Harami: ba a lokacin Hajji ba, ba a azumi ba, ba ranar Juma'a ba. Tarin da alhazai ke komawa gida da shi, ga babba mura ce, ga Abba kwanciyar asibiti ce. In taro ya watse, likita ya yarda, ku je ku biyu da jakarsa, ku hau bene inda babu matsi. Duk 'yan gidan ku yi allurar mura ta shekara.

Murya kuma, na'am, na ga yara da yawa an cire musu sun yi magana. Wasu ana buɗa wurin da balan-balan, wasu sai an yi tiyata an faɗaɗa. Ana jiran nauyi ya ƙaru, huhu ya yi ƙarfi, a kuma shawo kan ƙwarnafi in yana da shi, don ruwan ciki mai tasowa yana hana wurin warkewa. Akwai wani murfi da ke sa yaro mai bututu yin sauti, za ki gan shi a intanet. Kar ki saya ki gwada. Yana barin iska ta shiga, ta fita ta sama, shi kuwa Abba samansa a tsuke yake. Sai likita ya gwada da kansa. Kafin nan ki yi ta yi masa magana da waƙa, ki koya masa nuni da hannu: ruwa, ƙari, ciwo, Inna.

Baban Nafisa, Gadarif

Salamu alaikum ƙanwata. Ni mutumin Mai Wurno ne a bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, garin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Wataƙila kakanki ma ya kwana a garinmu a hanyarsa. Tambayarki ta ƙarshe ce ta sa na rubuto. 'Yata ta yi shekara uku da wata bakwai da bututu. Yanzu babu. Tana magana.

Amma da maigidanki nake so in yi magana, ki karanta masa. Malam, ni ma irinka ne. Shekara biyu ban taɓa bututun nan ba. Nakan ce nawa nemo kuɗin magani, nata jinya. A Madani muke zaune lokacin, ina sayar da kayan gyaran babur. Yaƙi ya tashi a Afrilun 2023, Khartum inda likitanta yake ta rufe. A Disamba ya iso Madani. Muka fito a bayan babbar mota, mutum kan mutum, uwar tana da ciki wata takwas, ga amai ga jiri. Ƙura ta turnuƙe, yarinya ta fara shiɗewa, uwar ba ta iya ko ɗaga kai. A nan, mota na tafiya, matata na gaya mini da baki ina yi da hannu, na fara zuƙe wa 'yata majina. Abin da zan koya a zaune cikin inuwa da nas a gefena, na koye shi a inda kuskure ɗaya ya isa. Kar ka jira irin wannan rana. Ba ka fi ni tsoro ba.

Muka zauna Mai Wurno wata shida, faɗa ya matso wajen Sinja a tsakiyar 2024, muka sake tashi zuwa Gadarif. Wuta sai ta yi kwanaki babu. Abin da ya riƙe mu shi ne injin zuƙa na takawa da ƙafa, da babban sirinji da nake haɗawa da tiyon in ja da hannu. Ku a Makka wuta ba ta yanke muku kamar mu, amma inji na lalacewa, caji na ƙarewa. Ki nemi nas ta nuna miki na sirinjin, ki jefa shi a jaka, ba ya cin wuri. In habub ta taso, wato guguwar ƙurarmu mai rufe rana, mukan rufe ko'ina mu rataya jiƙaƙƙen zane a taga, mu ɗaura mata ɗan siririn ƙyalle sako-sako a gaban wuya.

Turare kuwa kin san Sudan. Matanmu da dukhan, wato turara jiki da hayaƙin itace, kamar kifi da ruwa, kowane gida da raminsa da itacen ɗalih. Matata ta rufe nata. In ta matsu takan je gidan yayarta, ta yi wanka ta canza kaya kafin ta ɗauki yarinya. An yi surutu a dangi, aka gaji aka bari.

Da dare muka raba: ni daga isha'i zuwa ɗaya, ita zuwa asuba. Kuma mun ɗaura mata 'yan ƙararrawa a ƙafa. Yaron da ba ya kuka da baki yana yi da ƙafa. In ta farka ko ta takura sai ta yi ta shure-shure, mu ji. Ki gwada yau.

'Yan uwa da ke Jidda da Riyad suka haɗa mana kuɗi muka kai ta Alƙahira. Suka yanko ɗan guringuntsi daga haƙarƙarinta suka dasa a inda ya tsuke. Ba a ranar aka cire bututun ba. Sai da aka sake leƙawa da kyamara har sau biyu, aka sa mata ƙarami, aka riƙa toshe bakinsa da rana, sannan dare da rana a asibiti, tana shan iska ta hanci. Muryar a dishe take har yanzu, kamar mai mura, ba ta iya ƙwala kira daga nesa. Kalmomi kuwa ashe tana tara su duk shekarun nan. Abin da ta fara faɗa a kunnena “moya”, ruwa take so. Na fita waje na zauna a ƙasa.

Ban ce na Abba zai bi sawun nata daidai ba, kowa da irin nasa. Allah ya ji ƙanku, ya sa ku ji muryarsa.

Hajiya Kaka, Madina

'Yata, ni tsohuwa ce, jikata ke rubuta mini. Ina da surukai huɗu, bari in gaya miki yadda zuciyar Inna take. Ba turaren take karewa ba. Tun ranar da ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa komai, ta san abin da ya faru, kuma yana cin ta. In kika ce “turarenki ne”, abin da za ta ji shi ne “kin kusa kashe jikanki”. Ba mai iya amsa wannan.

Maganar ba taki ba ce, ta ɗanta ce, shi ma ba a gabanki ba. Kuma ku tafi da ita ranar ganin likita, ta ji da kunnenta, ta ga hoton da idonta. Sannan kar a ce ta bar sana'a ba a nema mata wurin yi ba, abincinta ne da mutuncinta. Ke kuma ki ba ta aiki a kan yaron. Ki ce, “Inna na gaji, ki taimake ni.” Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma tsohuwa ba ta barci bayan asuba dama.

Maman Abba, Makka

Salamu alaikum. Ku gafarce ni, kwana 17 ban dawo ba, Abba ya yi mura a tsakani amma ba ta kai mu kwanciya ba. Na gode, Allah ya saka wa kowa. Ummu Hanan, har ke, na san ƙauna ce.

Na karanta wa maigidan saƙon Baban Nafisa a daren da ya dawo daga Madina. Bai ce komai ba, ya tashi ya yi alwala. Da safe ya ce in tambayi ranar da nas za ta samu lokaci. Ya je sau uku. Ranar Talata shi ya canza bututun a gaban nas, ni na riƙe kai. Hannunsa na rawa, gumi har gemu, igiyar ma ya ɗaure ta da tsauri sai da aka sassauta yadda yatsa ɗaya zai shiga, amma ya sa shi. Yanzu in yana gari nasa ne daga isha'i zuwa ɗaya.

Hajiya Kaka, na bi maganarki. Mun tafi da Inna. Likitan ya nuna mata hoton kyamarar, ya ɗora kan biro a kusa da ramin don ta gane ƙanƙantarsa. Ta daɗe tana kallo. Ta tambaye shi da kanta ko turare na yi masa illa, ya ce e, ya yi mata bayanin hanci kusan yadda Anti Nas ta yi. A mota ba ta yi magana ba har muka iso. Washegari ta sa almajirin maƙwabta ya kwashe kasko da kwalabe da buhunan itace zuwa gidan ƙanwarta a Hindawiyya. Can take zuwa bayan la'asar ta yi cinikinta, in ta dawo ta yi wanka ta canza kaya kafin ta shigo wurinsa.

Ba zan ce komai ya yi daidai ba. Matakalan nan suna ba ta wuya da gwiwarta, wasu masu sayen sun zo ba su same ta ba sun tafi wani wuri, ga Hajji ya matso, lokacin da take samun na shekara. Kwana biyu ba ta sake mini fuska ba, daren Juma'a kuma na ga ta zauna shiru a inda kaskon yake a da. Abin ya tsaya mini a rai. Maigidan ya ce zai riƙa sauke ta a can in zai fita.

Amma bayan asuba nata ne. Ba ta iya zuƙa ba, idonta ba ya ganin lambobin jikin tiyon, kuma ban matsa mata ba. Zama take yi kusa da shi da carbinta, ni in kwanta a nan gefe. Kunnenta ya fi nawa, tun majinar na ɗan kurkur take taɓa ƙafata. Jiya na yi barcin awa huɗu a jere. Ƙararrawar ma ita ta ɗinka a jikin safa, ta ce ƙarfe kar ya goge masa fata. Ya gane abin, yanzu da gangan yake buga ƙafa in yana son a ɗauke shi. Ya kuma koyi taɓa baki in yana son ruwa.

Harami mun bari sai alhazai sun watse. An ba mu ranar sake leƙawa da kyamara a Muharram, nauyinsa yanzu kilo 8 da rabi, likitan ya ce yana so ya ƙaru kafin a yi zancen tiyata. Anti Nas, injin danshin sun rubuta mana, muna jiran inshora ta amince. Sirinjin yana jaka.

Baban Nafisa, in ba damuwa, wurin haƙarƙarin da aka yanka ya daɗe yana yi mata ciwo? Kuma kwana nawa kuka yi a asibiti bayan aikin, an bar uwar ta kwana kusa da ita?